Motar Marigayi Ba Ta Son Ruwa

Wan mijina ya sake murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi shiru.

Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ya zo tafiya da ita ne, wai ta ƙaninsa ce, mace ba ta riƙe mota. Ni kuwa da ita nake jigilar 'yan makaranta, nake ciyar da marayuna.

"Ruwa ne ya shige ta, Yaya," na ce daga bakin ƙofa. "Haka take yi wa marigayi."

"Wa ya tambaye ki?"

Ya buɗe bonet, ya kankare kan batir, ya kwance fulogi ya hura, ya goge wayoyi da hularsa. Maƙwabta suka tura ta har ƙarshen layi, suka dawo da ita. Ko gezau.

Ya jiƙe sharkaf. Ya kai wa taya shuri.

"Riƙe akwalarki! Ko kyauta ba na so."

"A gaida gida, Yaya."

Sai da ya sha kwana na kwance bakin zanina, na ciro ɗan fiyus ɗin da na zare, na mayar gurbinsa.

Murɗa ɗaya ta tashi. Ruwan ko tsagaitawa bai yi ba.