Alewar Aljihun Kafinta

Tun yana ɗan makaranta Kafinta yake yi wa kansa allurar insulin. Ciwon sukarinsa irin na farko ne, wanda jiki ke daina yin nasa insulin ɗin, sai dai a ba shi daga waje. Da allurar ya girma, da ita ya koyi riƙe zarto, da ita ya yi aure har ya buɗe shagonsa. Ƙofar da ya haɗa kuwa, ko reza ba ta samun wurin shiga tsakanin katako da katako.

Sai asibitin da yake zuwa ya fara wani bincike, ana so a gano yadda ya dace masu aikin ƙarfi su riƙa auna allurarsu. Likitar da ke jagorantar binciken ta yi masa bayani filla-filla, ta ce ba dole ba ne. Kafin ta rufe baki ya ce a sa shi.

Ranar ya shiga gida yana buɗa kafaɗa.

"Yau mijinki ya zama ɗan bincike," in ji shi. "Da jinina za a gyara wa na baya hanya."

"To, ɗan bincike, a wanke hannu ga abinci," in ji matarsa tana dariya. Amma ita ma ta ji daɗi, don kafin magariba 'yan'uwanta kaf sun ji labari.

Aikinsa mai sauƙi ne. Ya yi allura yadda aka tsara, ya huda yatsa ya ɗiga jini a na'urar awon sukari, na'urar kuma ta ajiye abin da ta gani har ranar ganin likita.

Ba a daɗe ba ya fara jin wani abu. Duk ranar da ya wuni yana ɗaga katako yana goga, sai zufa mai sanyi ta karyo masa, hannu ya kama rawa, ido ya yi dishi-dishi. Ya san wannan sarai, sukari ne ya faɗi. Abin da aka ce ya yi shi ne ya sha abu mai zaƙi, ya auna a lokacin, ya kuma faɗa wa likita. Na farkon kaɗai ya ɗauka. Sai ya zaro alewa daga aljihu ya tsotsa, ya jira jiki ya dawo daidai, sannan ya huda yatsa don na'urar ta ga lamba mai kyau.

Matarsa ce ta gano, da ta zo wanki ta tarar da aljihunsa cike da ledar alewa.

"Maigida, ka faɗa wa likita kuwa?"

"Haba, ke kuwa! Baiwar Allahn nan ko hutun kirki ba ta yi saboda mu. Sai ni zan je in ce mata aikinta bai yi ba? Ba da ni za a ɓata binciken nan ba."

Kun ji fa. Ba mugunta ba ce, ba kuma ganganci ba. Kunya ce da son a yaba, kuma mu duka mun san su.

Duk zuwansa likitar sai ta tambaya, "Sukarinka yana faɗuwa?" Shi kuma ya washe baki ya ce, "Ko sau ɗaya, likita." Ta duba na'urar, ta ga lambobin ma sun ɗan yi sama, ba ta san aikin alewa ba ne. Sai ta ƙara masa allura kaɗan.

Wata rana da hantsi yana tura katako a bakin injin yanka, duniya ta juya masa. Bai kai ga aljihu ba. Da ya farfaɗo a gadon asibiti, hannunsa na dama a naɗe yake, yatsu biyu sun tafi.

Masu dubiya suka yi ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Shi dai ya san ranar wannan tsautsayin shi ya sa ta. Da likitar ta zo, bai jira tambaya ba, ya zayyana mata komai, matarsa na gefe tana share hawaye.

Likitar ta ce, "Malam, ba yabo muke nema ba. Faɗuwar sukarin nan ita muke farauta tun farko. Da ka faɗa, rage maka zan yi."

A nan ne Kafinta ya yi abin da har yau nake alfahari da shi. Ya ce a tara masa sauran 'yan binciken. Ya tsaya a gabansu, ya ɗaga hannun da bai gama warkewa ba.

"Duk mai alewa a aljihu irin tawa, ya fito da ita."

Can sai wani magini ya sa hannu a aljihu, wani maƙeri ya bi bayansa. Ashe ba shi kaɗai ba ne. Daga ranar aka gyara tsarin, aka koya wa kowa yadda zai daidaita allurarsa da nauyin aikin ranar, kuma babu wanda ya sake faɗuwa a bakin aiki har aka kammala binciken.

Kafinta ya koma shago. Aikin da yake gamawa a wuni yanzu yakan kai shi kwanaki, yatsun kuma ba za su dawo ba. Amma duk sabon da zai shiga bincike, gaban Kafinta ake fara kai shi ya ga hannun.

Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan kun shiga binciken lafiya, ko kun zauna gaban likita, ku faɗi abin da jikinku ke ji, mai daɗi da marar daɗi. Gaskiyarku ita ce gudummawarku, kuma ita ce za ta tsare ku.