Taɓo Mai Ƙamshin Kanumfari

"Gwaggo, wai a nan kuke wuni?" Zuhura ta toshe hanci da gyale, ta ja da baya.

Suna bakin tekun ƙauyensu ne a Zanzibar, inda mata ke binne ɓawon kwakwa cikin taɓo har ya ruɓe, su murza igiya da shi. Gwaggo Mwanakombo na cikin ramin har gwiwa, ƙudaje sun yanyame ta.

"A nan kika yi rarrafe, 'yar birni."

"Allah ya kiyaye! Kar ki taɓa ni."

Zuhura ta tofar da yawu, ta koma otal ɗin da ta sauka. Ta miƙe a gadon tausa, ma'aikaciya ta shafe ta da baƙin taɓon gyaran fata mai ƙamshin kanumfari, tun daga goshi har leɓe.

"Daga Turai kuke kawo wannan ko?"

Kafin a amsa mata, aka turo ƙofar baya. Gwaggo ce da bokiti a ka, ƙudajen na biye da ita.

"Ga na yau, ku zuba kanumfarinku." Ta leƙa fuskar da ke kan gado. "Af, Zuhura ce? Rufe baki, 'yata, yana shiga."