Takardar Haihuwar Rukayya

Jandarmomi suka tsayar da motar hayar da suke ciki bayan gadar Binuwai, a hanyar fita Garwa. Muhaimin ya ƙara damƙe hannun yarinyar da ke gefensa.

"Duk mai tafiya da yaro ya sauko," in ji wata jandarma mai suna Viviane.

Ya sauko da yarinyar, ya miƙa mata katin shaidarsa da takardar haihuwa.

"Madam, 'yata ce. Meiganga zan kai ta wajen kakarta."

Viviane ta duba takardar, ta durƙusa gaban yarinyar. "Yaya sunanki?"

"Rukayya," ta amsa, idonta a ƙasa.

"Wannan fa?"

"Babana."

Fasinjoji suka fara gunaguni. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga. "Ku ji tsoron Allah, ku ƙyale mutum da 'yarsa. Ba ga takarda ba?"

"Haƙƙin yarinyar ne a ji daga bakinta, Inna, kuma na ji." Viviane ta mayar masa da takardun. "Ku tafi."

Muhaimin ya sauke numfashi, ya ja yarinyar zuwa mota. Saura taku biyu su shiga, Viviane ta yi kira a hankali daga bayansu.

"Clarisse."

Yarinyar ta juyo, ta fashe da kuka.

Viviane ta shiga tsakaninsu. "Takardar ta 'yarka ce, na yarda. Amma wannan Clarisse ce, yau kwana tara uwarta tana zaune a ƙofar ofishinmu da hotonta a hannu."