Mai Bidiyon da Ya Yi Musanyar Kwamfuta

Malam Tanimu ya tsufa yana gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, kuma ba ya gardama da kowa. In wani ya zo yana cewa ai furosesar laftof ɗin nan sunanta ɗaya da ta babbar kwamfutar tebur, don haka ƙarfinsu ɗaya, sai ya ajiye sukudireba, ya gyara zama, ya ba shi wannan misali.

An yi wani mai ɗaukar bidiyon biki, yana da kwamfutar tebur, ƙatuwa, in ta kama aiki sai ka ji fankokinta suna huci. Aiki kam tana yi: bidiyon wuni guda za ta haɗiye, ta fitar da shi tas kafin shayi ya huce. Aibinta ɗaya, cin wuta. Da an ɗauke wuta ta mutu, sai an tayar da janareta, ga ƙara ga hayaƙi. Maƙwabcinsa kuwa mai hoto ne, laftof gare shi. Ya rataya jaka, ya zauna a ƙarƙashin rumfar biki, ya gyara hotuna nan take, ba ruwansa da wuta. Abin nan ya tsaya wa mai bidiyo a rai. Rannan ya ga wata laftof a kasuwa, ya duba sunan furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yin aikin duka, ya ga iri ɗaya ne da na tasa. Bai tsaya tambaya ba, ya kinkimo ƙatuwar ya ba da, ya rungumo siririyar, yana tafe yana jin ya yi wa duniya wayo.

Ana nan sai wani amininsa ya tashi aurar da 'yarsa. Kakar amarya tana ƙauye, ƙafa ta hana ta zuwa, ita ce kuwa ta yi wa yarinyar wanka tun tana jaririya, a bayanta ta girma. Aminin ya roƙe shi abu ɗaya: a haɗa bidiyon kamu da na ɗaurin aure, a ba dangin da za su koma ƙauye a motar yamma, tsohuwa ta ga jikarta da lalle tun bai goge ba. Mai bidiyo ya bugi ƙirji ya ce an gama. Har aka aika wa tsohuwa cewa ta shirya kallo.

Da azahar ya zuba aikin a laftof. Farko ta zabura da gudu, har ya yi murmushi. Can sai ƙasanta ya ɗau zafi, 'yar fankarta ta shiga kuka, layin da ke nuna ci gaban aiki ya fara jan ƙafa. Abin da bai sani ba, ita furosesar tebur an ba ta fili da iska, wuta kuma ta sha ta ƙoshi. Ta laftof a matse take, an ƙera ta ne ta yi tattali, in ta ji zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Aka ɗauke wuta, laftof ba ta mutu ba, ya ce alhamdu lillahi, ga ranarta. Ashe a kan batir ƙara lallaɓawa take yi, kamar mai azumi da tsakar rana. Ya ɗora ta a kan bulo, ya ɗauko mafici yana yi mata fifita, babban mutum da gemunsa. Aka kira la'asar aiki bai kai rabi ba. Direba ya yi ta danna hon a ƙofar shago har ya gaji, dangi suka shiga mota hannu rabbana.

A ƙauye tsohuwa ta sa an share tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, an dama fura, ta tara ƙawayenta su zo su ga jikarta. Suka sha furar, suka yi hira, kowacce ta ɗauki takalminta. Washegari aminin ya zo shago, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Inna ta ce a gaishe ka, wai ba komai, Allah ya yi wa sana'a albarka." Da zagi aka aiko masa da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa, sai a kan laftof ɗin, wadda ta gama aikin tun daren jiya, ta huce abinta.

Ita ba ta yi laifi ba, in ji Malam Tanimu. Har gobe maƙwabcin yana cin abinci da irinta, don kayansa marasa nauyi ne. Mai bidiyo ne ya ga suna ya zo ɗaya, ya ɗora mata kayan da ba nata ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.