Jinyar Kubura

A 1979 Falalu ya fara ganin matarsa Kubura, tana nas, yana kwance da zazzaɓi, tana jiƙa masa leɓe da auduga. Yanzu likitoci sun ce ciwonta ba na tashi ba ne, ga wanta Magaji ya zo gidan Falalu a unguwar Tarauni zai mai da ita gida Gyaɗi-Gyaɗi jinya.

Tsoron Falalu kar ta cika ba ya kusa.

Kubura ta dubi Magaji. "Yaya, ba inda za ni. Malam ba zai iya gidan nan shi kaɗai ba."

Magaji ya ce, "To, mu ma taro nan. Ƙannenki su kwaso tabarmi."

Da ya fita, Falalu ya tsoma auduga a ruwa, ya jiƙa mata leɓe.