Yatsan da Ya Daina Godiya

Akwai wata ƙungiyar ƙwallon kwando a wani babban gari, ta 'yan wasan da ba su da wata sana'a sai wannan, da ita suke ci, da ita suke sha. Da kakar wasa ta kai tsakiya ƙungiyar ce a kan gaba, kuma kowa ya san dalili: wani dogon saurayi ne da hannunsa bai san kuskure ba. Daga duk inda ya saki ƙwallo, sai dai ka ga ragar kwando ta yi rawa. 'Yan jarida suka fara cewa bana kambun gwarzon shekara nasa ne. Shi ma ya sa abin a ransa, har yana hango inda kofin zai zauna a ɗakin mahaifiyarsa, kan kabad, kusa da jeren kwanukanta.

To, a wasan nan akwai wata 'yar al'ada. In ka jefa ƙwallo ta shiga, kafin ka juya da gudu zuwa tsaron naku kwandon, sai ka ɗaga yatsa ka nuna wanda ya miƙo maka ita. Ba doka ba ce, alƙalin wasa ba ya hura usur a kanta. Godiya ce ta mai sauri. Mai miƙo wa dogon nan kuwa wani gajere ne mai faɗin kafaɗa, tare suka taso suna jefa ƙwallo cikin zoben ƙarfen da aka ɗaure a jikin darbejiyar unguwarsu. Ko bai waiwaya ba ya san inda dogo yake, kuma ƙwallonsa takan iso daidai ƙirji, ba sai an gyara riƙo ba.

Sai maganar kambu ta yi zaƙi. Dogo dai ba mugu ba ne, mantuwa ce irin ta wanda ake ta kiran sunansa. In ya ci, yatsan da ya saba zuwa wurin gajere sai ya nufi masu ɗaukar hoto, wata rana ma ƙirjinsa ya daka da shi. Gajere bai hana shi ƙwallo ba. Bai yi gunaguni a ɗakin sauya kaya ba. Abin da ya faru kawai, ya daina neman abokinsa da zuciya, ya koma nemansa da ido. Kafin ido ya duba ya tabbatar kuwa, ƙiftawa guda ta wuce. Ƙwallo ta riƙa isowa a ɗan makare, wani lokaci a gwiwa maimakon ƙirji. 'Yan kallo ba su ga komai ba. Amma masu tsaron sauran ƙungiyoyi, waɗanda ke zama su yi ta maimaita bidiyon wasa kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa, sun gani sarai. Cikin wannan ƙiftawar suka riƙa cusa hannu: wannan ya fizge ƙwallo a hanya, wancan ya riga ya tsaya a gaban dogo kafin ya ɗaga. Dogo ya rasa gane kan abin. Ya sauya takalmi. Ya ce iskar ƙwallo ta yi yawa. Ya riƙa zama bayan atisaye yana jefawa shi kaɗai, kuma duk suna shiga, abin da ya ƙara ɗaure masa kai ke nan. Ƙungiya ta fara zamewa ƙasa a hankali, 'yan jarida kuma, da yake ba su da tabarma guda, suka koma yabon wani ɗan wasa na wani gari.

Ana haka ya je gaida mahaifiyarsa. Tana zuba masa fura ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, yatsanka ciwo yake yi ne?" Ya juya hannunsa ya ce, "Wane yatsa, Inna?" Ta ce, "Wanda kake nuna abokinka da shi mana. Ni ban san kan wasanku ba, guje-guje kawai nake gani a talabijin. Wannan nunin nake jira, in na ga yaron ya yi murmushi na san an ci. Na kwana biyu ban gani ba." Dogo ya riƙe ludayi, bai kai baki ba.

A wasa na gaba, da ƙwallonsa ta farko ta shiga, ya tsaya cak ya miƙa yatsa, bai sauke ba sai da gajere ya dube shi. Gajere ya wuce ta gefensa da gudu yana cewa, "Au, ashe yana nan? Na zaci an yanke." Daga ranar ƙwallo ta fara komawa ƙirji, amma ba a rana ɗaya ba, don yaɓen da aka yi bayan ruwa ya shiga yakan daɗe bai bushe ba. Kafin ya bushe kaka ta ƙare. Kambu ya tafi wancan garin, kan kabad ɗin Inna ya zauna da kwanukansa. Dogo bai zagi 'yan jarida ba, bai ga laifin masu tsaron da suka hana shi sakat ba. Ya san su hanya suka gani suka bi, kuma ya san wanda ya buɗe ta. Dama Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.