Tambayoyin Baba

Ranar da 'yar wani tsohon tela za ta koma Jamus, ta ɗora masa wata 'yar manhaja a kwamfuta.

"Baba, kalmar da ta shige maka duhu, zaɓe ta ka danna nan, kundin ilimi na intanet zai buɗe. Ba sai ka kira ni ina aiki ba."

Manhajar ba ta taɓa gazawa ba. Wata uku tsohon telan yana ɗakinsa a unguwar Alabar, sani ya ƙaru, waya kuwa shiru.

Wata Juma'a ya goge manhajar da hannunsa, ya kira 'yar.

"Abin nan ya lalace. Wai mene ne almakashi?"

Ta san tela ba ya manta almakashi.

"Zauna, Baba. Bayanin yana da tsawo."